Me Ya Sa Mai Ɗaukar Hoton Haƙori Yake Ɓuya a Bayan Bango?

A damunar bara ne gwaggona ta taso daga Wurma da kunci a kumbure, ta kwana huɗu ko tuwo mai laushi ba ta iya taunawa. An sa kanumfari, an kuskure baki da ruwan gishiri, an sayo ƙwayoyi a kemis, duk a banza. Wata biyu kafin nan wani mai cire haƙori ya fizge mata turmi ɗaya ranar kasuwa, ta ɗauka magana ta ƙare. Na tarye ta a Dutsin-Ma, muka kama hanyar Katsina.

Likitan haƙori ya duba ya ce sai an yi hoto. Ma'aikacin ɗakin hoto ya sa mata ɗan faranti a baki, ya saita kan na'urar a gefen kuncinta, sai ya fice ya laɓe bayan bango. Kafin ya danna komai gwaggo ta tofar da farantin, ta juyo ta dube ni ta ce: "Kai ɗan nan, in abin nan ba ya cuta, mi ya sa shi ya gudu ya bar ni?"

Ni da digirina na fiziks, abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, "Gwaggo, ba komai." Ka ga kuwa wannan ba amsa ba ce. Tambayarta tana da amsa, kuma amsar tana cikin tarihin da ya haura shekara 120, wanda ya ci hannaye da rayukan mutane kafin a kai ga gina bangon nan. Mai karatu, in kai ma ka taɓa jin ɗar-ɗar da aka ce a yi maka hoton haƙori, ko ka taɓa jin ana cewa hoton asibiti yana shan jini ko yana rage kwana, biyo ni mu ga inda tsoron ya samo asali da inda ya kamata ya tsaya.

Hasken da aka rasa sunan da za a ba shi

Ranar 8 ga Nuwamba, 1895, wani masanin fiziks mai suna Wilhelm Rontgen yana gwaji da kwalbar gilashi da ake zuba wa lantarki a birnin Wurzburg na Jamus. Ya rufe kwalbar ruf da baƙin kwali, amma sai ya ga wata takarda mai shafen sinadari a can gefe tana ƙyalli. Wani abu da ido ba ya gani yana ratsa kwalin ke nan. Da yake bai san mene ne ba, sai ya laƙaba masa harafin X, wanda masu lissafi ke sa wa abin da ba a sani ba. Daga nan muka samu kalmar eksire. A watan Disamba ya ɗauki hoton hannun matarsa, ga ƙasusuwa ga zobe sun fito ɓaro-ɓaro.

Eksire ɗan'uwan hasken rana ne, sai dai ƙarfinsa ya ninka nasa nesa ba kusa ba. Yana ratsa tsoka cikin sauƙi, amma ƙashi da haƙori suna tare mafi yawansa. Don haka abin da ake kira hoto inuwa ce kawai: inda haƙori yake da ƙwari ya fito fari, inda ya yi kogo ko ƙashi ya zaizaye ya fito da duhu.

Likitocin haƙori ba su yi wata-wata ba, domin fiye da rabin tsawon haƙori a binne yake cikin muƙamuƙi, inda madubi da fitila ba sa kaiwa. A Janairun 1896, 'yan makonni bayan sanarwar Rontgen, wani likitan haƙori Bajamushe, Otto Walkhoff, ya naɗe farantin gilashi ya cusa a bakinsa, ya tsaya ƙarƙashin hasken har minti 25. Riƙe wannan adadi a ranka, za mu dawo kansa.

Likitoci biyu, hanya biyu

A Amurka, labarin ya bi ta hannun wasu likitocin haƙori biyu.

Na farko shi ne Edmund Kells na birnin New Orleans, wanda tun a 1896 ya fara ɗaukar hoton haƙoran marasa lafiya. Na'urorin lokacin ba su da tabbas, yau su yi ƙarfi gobe su yi sanyi. To ta yaya ake saita su? Sai mai aiki ya sa hannunsa a gaban hasken, yana kallon ƙasusuwan yatsunsa ta wani allo, yana murɗa na'ura har su fito sarai. Haka Kells ya riƙa yi, kullum, shekara da shekaru. Ba zafi, ba raɗaɗi, ba wata alama. Bayan kamar shekara goma gyambon da ba ya warkewa ya ɓulla a yatsunsa, ya rikiɗe ya zama ciwon daji. Aka yi ta yi masa tiyata, sama da sau 30. Aka yanke yatsu, aka yanke hannu, har aka kai ga kafaɗa. A 1928, ciwon ya kama ɗaya hannun kuma, ya kashe kansa a ofishinsa.

Na biyu shi ne William Rollins na birnin Boston. Shi ma hasken ya ƙona masa hannu a 1898, amma sai ya tsaya ya tambayi dalili. A lokacin da yawa sun ɗauka lantarkin da ke kewaye da na'urar ne ke ƙona mutane. Rollins ya sa ɓerayen Masar cikin akwatin da lantarki ba ya shiga, ya riƙa haska musu eksire na awa biyu kowace rana. Cikin kwanaki kaɗan suka mutu, alhali fatarsu ba ta nuna ƙuna ba. A 1901 ya buga sakamakon a wata mujallar likitoci ta Boston, da take mai cewa hasken nan yana kisa. Ya ba da shawarar a killace kwalbar cikin akwatin dalma, a bar 'yar kafa da hasken zai fita ya sauka daidai wurin da ake son gani, a kare sauran jiki, mai aiki ma ya kare kansa. Ya kuma yi gargaɗi game da mata masu ciki, bayan ya ga hasken ya kashe 'yan tayi a cikin ɓeran.

Kusan ba wanda ya saurare shi. Sai da gawarwaki suka fara taruwa. Clarence Dally, mataimakin shahararren mai ƙirƙira Thomas Edison, ya rasa hannayensa biyu kafin ya mutu a 1904, abin da ya sa Edison ya wanke hannunsa daga binciken eksire. A 1936 aka kafa wani dutsen tunawa a harabar wani asibiti a Hamburg, aka zana sunayen likitoci da ma'aikatan jinya da masana sama da 150 daga ƙasashe daban-daban waɗanda aikin ya kashe.

Dubi jerin nan da kyau. Galibinsu masu aiki da na'urar ne, waɗanda suka sha hasken kullum har tsawon shekaru. Rabin amsar gwaggo ke nan.

Yadda yake cutarwa

Ƙarfin eksire ya isa ya fizge ɓangaren ƙwayar zarra, shi ya sa yake cikin jinsin da ake kira radiyeshan mai illa. In ya ratsa ƙwayar halittar jiki, yana iya tsinka zaren DNA, wato rubutun gado da ke gaya wa ƙwayar yadda za ta yi aiki. Jiki yana gyara irin wannan tsinkewa dare da rana, kuma mafi yawan lokaci gyaran yana yin daidai.

Illar iri biyu ce. In adadin ya yi yawa ƙwarai, ƙwayoyin halitta suna mutuwa da yawa, sai a ga ƙuna da zubewar gashi. Wannan yana da iyakar da sai an haura ta yake faruwa, kuma hoton haƙori na yau ko kusa da ita ba ya zuwa. Iri na biyu shi ne gyaran da ya zo da kuskure, wanda bayan shekaru kan iya zama mafarin ciwon daji. Wannan maganar yiwuwa ce, kuma yiwuwar tana ƙaruwa gwargwadon abin da ya taru a jikin mutum.

A hankali aka gano haka. A 1927 Hermann Muller ya nuna eksire na sauya gadon halittar wasu ƙananan ƙudaje. A 1928, shekarar da Kells ya mutu, aka kafa kwamitin duniya na kariya daga radiyeshan a birnin Stockholm. Bayan bama-baman Hiroshima da Nagasaki a 1945, an bi lafiyar dubban waɗanda suka tsira har tsawon rayuwarsu, kuma mafi yawan abin da muka sani game da alaƙar adadi da ciwon daji daga wurinsu ya fito. A 1956 wata likita a Oxford ta Ingila, Alice Stewart, ta gano cewa yaran da aka yi wa iyayensu mata hoton ciki suna ɗauke da su sun fi sauran yara kamuwa da ciwon daji. Ita ma an daɗe ana musu da ita kafin a daina wannan al'ada.

Ranar da tsoron ya biyo hunturu

Mu a nan, maganar radiyeshan ta fara shiga bakin jama'a ne ta hanyar iska. Ranar 13 ga Fabrairu, 1960, Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko kusa da Reggane, cikin hamadar Aljeriya. Ƙarfinsa ya ninka na Hiroshima kusan sau huɗu. Kai da ka san Fabrairu a ƙasar Katsina ka san daga ina iska ke kaɗawa: daga arewa maso gabas, ɗauke da hazon Sahara da ke sauka a kan rumbu da rijiya da shanyar hatsi. Wata taswirar sojan Faransa da aka cire wa sirri a 2013 ta nuna ƙurar gwajin ta bazu har Chadi da ƙasashen Afirka ta Yamma.

Da Faransa ta yi gwaji na uku a ƙarshen Disambar 1960, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda watanni uku ke nan da samun 'yancin kai, ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961, ta hana jiragen ƙasar na sama da na ruwa shigowa Najeriya. Damuwar da gwaje-gwajen nan suka haifar ce ta kai ga kafa sashen tarayya na kariya daga radiyeshan a Jami'ar Ibadan a 1964. Daga baya, a 1987, aka kafa hukumar rajistar masu ɗaukar hoton asibiti. A 1995 aka yi dokar kariya daga radiyeshan, wadda ta haifar da hukumar NNRA da ta fara aiki a 2001. Ita ke da alhakin ba da lasisi ga duk wurin da ke amfani da na'urar eksire, har da ta haƙori.

Saboda haka in dattijo ya ji kalmar radiyeshan gabansa ya faɗi, kada ka yi masa dariya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Aikinmu shi ne mu duba mu ga macijin ne ko tsumman.

To, nawa ne adadin?

Ka tuna minti 25 na Walkhoff? Yau ana ɗaukar hoton haƙori cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Abubuwa da dama suka kawo haka. A 1913 William Coolidge ya ƙera kwalbar da ake iya saita ƙarfinta daidai, ba sai an gwada da hannu ba. Aka yi ta inganta fim yana buƙatar haske kaɗan. Aka killace kwalba da dalma aka taƙaita bakinta, kamar yadda Rollins ya faɗa tun farko. A 1987 kuma aka fito da na'urar da wani likitan haƙori Bafaranshe, Francis Mouyen, ya ƙirƙira, mai aika hoto kai tsaye zuwa allon kwamfuta.

Ana auna abin da jiki ya sha da ma'aunin da ake kira maikurosibat. Ƙaramin hoton haƙori guda, irin na gwaggo, yana kai wa kamar 5. Babban hoton da ke zagaye muƙamuƙi gaba ɗaya yana tsakanin 10 zuwa 25.

Da me za ka kwatanta? Ko ba ka taɓa taka asibiti ba, kana shan radiyeshan tun ranar da aka haife ka. Yana saukowa daga sararin samaniya. Yana fitowa daga ƙasa da duwatsu, domin irin duwatsun da suka kewaye Dutsin-Ma suna ɗauke da ɗan burbushin yuraniyam da toriyam, haka ma ƙasar da ake gina ɗaki da ita. Yana cikin wake da gyaɗar da kake ci, ta hanyar sinadarin fotashiyam. Ƙiyasin kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne, a matsakaici, mutum yana shan 2,400 a shekara, wato tsakanin 6 da 7 a rana. Ƙaramin hoton haƙori bai kai abin da kake sha a yini guda kana zaune a ƙofar gida ba. Alhajin da ya hau jirgi daga Katsina zuwa Jidda ya sha fiye da haka kafin ya sauka, saboda a can sama iskar da ke kare mu ba ta da kauri.

Can ɗaya gefen kuma, hoton CT na ciki yana kai wa wajen 8,000. Ƙaruwar ciwon daji da aka gani ƙarara a waɗanda suka tsira a Japan ta fi bayyana ne daga wajen 100,000 zuwa sama. Ƙasa da haka sosai, illar tana ƙanƙancewa har ta ɓace cikin sauran dalilan ciwon daji, ba a iya ware ta. Duk da haka hukumomin kariya sun zaɓi su ɗauka cewa kowane ɗan adadi yana da ɗan haɗarinsa. Daga nan ƙa'idar aikin ta fito: kada a yi hoto sai da dalili, in za a yi kuma a yi da mafi ƙarancin hasken da zai biya buƙata.

Wataƙila ka ci karo da labarin wani bincike na 2012 daga Jami'ar Yale, da ya danganta yawan hoton haƙori da wani ƙari da ke fitowa a fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. Binciken gaskiya ne an yi shi, sai dai ya dogara da abin da mutane suka iya tunawa na hotunan da aka yi musu shekaru da dama baya, lokacin da na'urori suka fi na yanzu sakin haske. Darasin da ya bari bai wuce na Rollins ba: a daina yin hoto don sabo kawai.

Yanzu ga cikon amsar gwaggo. Ita sau ɗaya za a yi mata, wataƙila sai bayan shekaru ta sake. Ma'aikacin kuwa yana iya danna maɓallin sau da yawa a rana, kwana biyar a mako, har ya yi ritaya. In ya tsaya kusa kowane lokaci, abin da yake kaɗan a wurinta zai taru ya yi yawa a wurinsa. Hanyar Kells ke nan, kuma don kada a sake bin ta aka gina bangon. Ni da zan ga mai ɗaukar hoto ya tsaya yana riƙe wa mara lafiya faranti da yatsunsa, a nan ne hankalina zai tashi.

Abin da ya rage gare ka

A ƙasashen da mutane ke zuwa duba haƙori duk shekara ko lafiyarsu lau, muhawarar ita ce ko ana yin hoto fiye da kima. Ƙa'idar likitocin haƙori a Amurka ta ce babban mutum mai lafiyayyen baki ba ya buƙatar hoton bincike sai bayan shekara biyu zuwa uku, wanda haƙoransa ke yawan yin kogo kuma a matso da shi. A 2024 ƙungiyarsu ta ma ce rigar dalmar da ake lulluɓa wa mara lafiya ba dole ba ce in na'urar ta zamani ce kuma bakinta a taƙaice yake. Lura da sharaɗin. In an miƙo maka rigar, sa abinka.

Mutumin Wurma ko Kurfi matsalarsa daban ce. Ba ya zuwa wurin likitan haƙori sai ciwo ya hana shi barci, ga kuɗin mota, ga fargabar hanya. Zai yi wuya ya tara hotunan da za su dame shi. Abin da ya fi kusa da shi shi ne ruɓar da aka bari. Mugunyar da ta taru a saiwar turmin ƙasa tana iya gangarawa ƙarƙashin haɓa da wuya, ta kumbura har ta toshe hanyar numfashi, kuma wannan kan kashe mutum cikin kwanaki. Wanda ya ƙi hoto saboda maikurosibat 5 ya koma gida da irin wannan, ya gudu daga gara ya faɗa gidan zago.

In an ce za a yi maka hoto, kana da damar tambaya. Tambayi likita abin da yake son gani, da yadda hoton zai sauya maganin da zai ba ka. In an yi maka wani kwanan baya a wani wuri, tafi da shi, kada a maimaita a banza. Ke kuma in kina da ciki ko kina zato, faɗa tun kafin a fara. Hoton haƙori ba ya nufar ciki, kuma in buƙata ta kama ana yin sa, amma likita ne zai auna. Ga yara a ƙara kula, domin jikin da ke girma ya fi jin radiyeshan. Sannan a je wurin da ma'aikaci mai horo yake, ba duk shagon da ya rataya allo ba.

Wannan dogon labari ban ba gwaggo shi a ɗakin ba. Abin da na ce mata a karo na biyu shi ne: "Gwaggo, ke yau kaɗai za ki zauna nan. Shi kullum a nan yake wuni, shi ya sa." Ta yi shiru, ta dubi ma'aikacin, ta ce, "To Allah shi kiyaye ka, yaro." Ta buɗe baki.

Hoton ya nuna guntun saiwa da ya karye ya maƙale a muƙamuƙi tun ranar kasuwar nan, da baƙin tabo kewaye da shi inda mugunya ta fara cin ƙashi. Aka cire shi, aka ba ta magani, bayan kwana uku ta ci tuwo. Hoton yana nan cikin adakarta a Wurma, tana nuna wa duk wanda ya zo da kunci a kumbure.